Lakar da ke ƙarƙashin akwatin murjani

Duk wanda ya shiga falon mai kiwon murjani, kan akwatin gilashin idonsa ke sauka: ruwa garai-garai, kifaye masu launi suna kai-kawo. Ba mai cewa a buɗe masa kabad ɗin da akwatin ke zaune a kai. A ciki kuwa akwai tanki na biyu, mara ado. Ruwa na gangarowa cikinsa ta bututu, ya bi ta jakar tacewa, ya wuce na'urar da ke tada kumfa tana kwashe ƙazanta, sannan famfo ya mayar da shi sama. Haka yake zagayawa dare da rana.

Wani abokina ya yi wata biyu yana fama da gansakuka. Ta lulluɓe duwatsun akwatinsa, murjaninsa kuma ya dushe ya koma ruwan ƙasa. Ya goge gilashi har ya gaji, ya sauya fitila, ya ɗora wa gishirin da ya saya laifi. Wata rana da dare muka durƙusa gaban kabad ɗin, na haska tocila daga gefe, daidai da gindin tankin, don idan daga sama aka haska ba a ganin komai. Ga laka nan kwance a kusurwoyi, da bayan gilasan da suka raba tankin ɗaki-ɗaki, da ƙarƙashin famfo, kaurin yatsa. Ya taɓa ta da tsinke, sai ta tashi kamar hayaƙi.

Kashin kifi ne da ragowar abinci da matacciyar gansakuka. Duk inda ruwa ya rage gudu, nan suke sauka, kamar yadda laka ke kwantawa a gindin randa. Idan sun ruɓe sai su saki ammoniya, ƙwayoyin bakteriya su juya ta zuwa naitiret, ga kuma fosfet. Wato N da P ɗin da ake rubutawa a buhun taki. Ashe taki abokin nawa yake zuba wa gansakukar bai sani ba, alhali murjani a teku ya saba da ruwa mai ƙarancin waɗannan abubuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai jakar tacewar ce. Ramukanta ba su wuce maikiron 100 zuwa 200 ba, tana kama datti sosai, shi ya sa ya sakankance da ita. Amma kamawa kawai take yi. Muddin jakar na rataye, dattin na cikin ruwan, kuma duk ɗigon da ya sauko sai ya ratsa ta cikinsa. Bayan kwana biyu ko uku, matatar ta zama wurin ruɓewa. Tasa ta yi sati uku. Mun sha ganin haka, ba a akwatin kifi kaɗai ba: a tattara matsala wuri ɗaya, a rufe ƙofa, a ɗauka an gama.

Kafin mu taɓa lakar sai da muka kashe famfon, don kada ya watsa ta kan murjanin. Zuƙo da tiyo bai yi ba, tunda tankin dab da ƙasa yake, ruwa ba shi da gangara. Da ƙaramin famfo muka kwashe ta cikin bokiti, lungunan kuma da babban sirinji. Muka cike gurbin da sabon ruwa mai gishiri kimanin giram 35 a kowace lita.

Yanzu jakunkuna uku gare shi, yana sauyawa yana wankewa. Ya ɗaga na'urorin kan 'yan ƙafafu, ya sa ƙaramin injin da ke motsa ruwan gindin tankin don dattin ya kasa kwantawa. Abinci ma ya rage hannu, sai abin da kifayen za su cinye cikin minti biyu. Gansakukar ba ta tafi nan take ba, sai da aka ɗauki makonni. Tocilar nan tawa ce, amma har yau tana rataye a ƙofar kabad ɗinsa.