Fatan Mai Horarwa da Shakkar Magoya Baya

Da yammacin Asabar ko Lahadi, idan aka tashi wasa, gidajen kallon ƙwallo na Birnin Ƙonni sukan cika tituna da samari, wasu na shewa, wasu kai a sunkuye. Daga nan sai a zarce fada, inda butar shayi take bisa garwashi, a buɗe shari'ar da ba ta da alƙali. Haka abin yake a Malbaza da Galmi da Badagishiri da Illela. Wanda aka fi gurfanarwa a wannan zama shi ne mai horar da ƙungiyar da ta sha kashi, musamman idan ya fito gaban ƴan jarida fuska a sake, ya ce yaransa sun yi ƙoƙari, gyara yana tafe, a ƙara haƙuri. Nan take fada takan rabu gida biyu. Wasu su ce mutumin nan ya raina hankalin jama'a, wasu su ce a bar shi, gini ba ya tashi rana ɗaya.

Mai wucewa zai ɗauka surutun samari ne kawai, alhali kuwa tambayar da ke ƙarƙashin gardamar tsohuwa ce, kuma ta shafi kowane mai riƙe da amanar jama'a: yaushe ne kyakkyawan fata yake zama gaskiya, yaushe ne kuma yake komawa lulluɓin gazawa? Wanda aka ce ya jira, wane haƙƙi gare shi bisa wanda ya ce masa ya jira?

Adalci ya wajabta a fara duban halin da mai horarwa yake ciki. Idan ya tsaya gaban na'urar ɗaukar magana bayan an ci shi, kunnuwa iri uku ne ke saurarensa: na ƴan wasa, na shugabannin ƙungiya, da na magoya baya. Waɗanda ya fi tsoron raunanawa su ne na farko, domin su za su koma fili bayan kwana bakwai, wani lokaci bayan kwana uku. Matashin da ya ji daga bakin jagoransa cewa ba sauran dabara, ƙafarsa za ta yi nauyi tun kafin a busa usur. Saboda haka ƙarfafa gwiwa wani yanki ne na aikin da aka ɗauki mutumin domin ya yi, kamar yadda madugu ba ya shelanta wa ayari a tsakiyar daji cewa shi ma hanya ta rikice masa. Wanda ya kira wannan ƙarya kai tsaye ya yi gaggawar hukunci.

To amma magoyin baya ma yana da hujja, kuma hujjarsa ba ƙarama ba ce. Ya biya kuɗin shiga, ya ba da yammacinsa, ya ɗauki ba'ar abokai har tsawon mako. Mai horarwa yana karɓar albashi ko an ci ko an sha kashi, idan an sallame shi ma sau da yawa da kuɗin sallama yake tafiya, wata ƙungiya ta ɗauke shi. Magoyin baya kuwa ba ya da inda za shi, domin sauya ƙungiya abin kunya ne a fada. Wanda hasara ta fi daɗewa a wuyansa yana da ikon ya tambayi inda aka dosa. Ga kuma abin da ido ya gani. Kano Pillars, wadda ake yi wa kirari da Sai Masu Gida, ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, a 2009 kuma ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Ƙungiya mai irin wannan tarihi, da wuya masoyinta ya yarda cewa za ta iya faɗuwa. Duk da haka a 2022 ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta dawo. Waɗanda suka riƙa ƙidayar maki tun tsakiyar kakar wasa suna nuna damuwa, su ne suka karanta al'amarin daidai. Girman suna bai taɓa ƙara wa kowa maki ɗaya ba.

Irin wannan ya faru a Ingila, a ƙungiyar Manchester United, wadda take da ɗimbin masoya a ƙasar Hausa. Ruben Amorim, ɗan ƙasar Fotugal, ya karɓi horar da ita a watan Nuwamba na 2024. Ta ƙare kakar a matsayi na 15, Tottenham kuma ta ci ta 1-0 a wasan ƙarshe na kofin Europa a birnin Bilbao cikin watan Mayu na 2025. Kwanaki kaɗan bayan haka ya tsaya tsakiyar filin Old Trafford, ya nemi gafarar magoya baya, ya yi musu albishir da cewa ranakun daɗi suna tafe. A watan Agusta sai Grimsby, ƙungiyar rukuni na huɗu, ta fitar da su daga wani kofi. A watan Janairu na 2026 aka sallame shi. Masu shakka a fadojin Ƙonni suna iya cewa lokaci ya gaskata su.

Sai dai da za a tsaya nan, da an yanke cewa allon sakamako shi kaɗai ne alƙali, kuma tarihin ƙwallon Nijar ya isa ya nuna raunin wannan hukunci. Haruna Dula ne ya jagoranci Mena zuwa gasar cin kofin Afirka karo na farko a tarihinta. A wasannin share fage ta ci dukan wasanninta uku na Yamai, har da Masar mai riƙe da kofin, wadda ta doke 1-0 a watan Oktoba na 2010, ta kuma sha kashi a dukan ukun da ta buga a waje. A ƙarshen 2011 hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓe shi gwarzon mai horarwa na shekara. Bayan ƴan makonni, a watan Janairu na 2012, Gabon ta ci Mena 2-0 a Libreville a wasan farko, sai aka karɓe ragamar daga hannunsa aka danƙa wa Bafaranshen da aka ɗauko ya ba shi shawara, Rolland Courbis. Tunisiya ta ci 2-1, Maroko ta ci 1-0, aka dawo gida ba maki ko ɗaya. Mutumin da aka naɗa wa rawani a watan Disamba bai manta sana'arsa cikin mintoci 90 ba, wanda ya gaje shi kuma bai sauya sakamako ba. Tazarar da ke tsakanin Mena da abokan karawarta ta girmi wanda ke zaune a benci, domin tana cikin filaye da horon yara da ƙarfin gasar cikin gida.

A Manchester ɗin ma akwai labari na biyu da yake ƙalubalantar na farko. Alex Ferguson ya karɓi ƙungiyar a watan Nuwamba na 1986, ya shekara uku bai ɗaga kofi ba. A ƙarshen 1989 wani magoyin baya ya ɗaga ƙyalle a filin wasa yana cewa shekara uku ta uzuri ta isa, ya kama hanya. A watan Mayu na 1990 ya ci kofin FA, a 1993 ya ci gasar Ingila, wadda rabon ƙungiyar da ita tun 1967, kafin ya yi ritaya a 2013 kuma ya ci ta sau 13. Mai ƙyallen bai yi ƙarya ba game da sakamakon da ya gani. Abin da ya ɓace masa shi ne aikin da ake yi bayan fage, na neman yara masu hazaƙa da renonsu da gyaran tarbiyyar manyan ƴan wasa, aikin da shugabannin ƙungiyar suke gani, shi ya sa suka riƙe shi.

Ke nan ga masu horarwa biyu a gida ɗaya, dukansu sun nemi a yi haƙuri, ɗaya haƙurin ya haifi alheri, ɗaya bai haifa ba. Idan murmushin mai horarwa ba hujja ba ne, sakamakon mako ɗaya ma ba hujja ba ne, da me za a auna?

Manomin Adar ya daɗe da sanin amsar. Kafin ruwan farko ya sauka, wasu manoma sukan yi binne, wato su shuka hatsi cikin busasshiyar ƙasa suna jiran sama. Babu wanda ya tabbatar musu da ranar da hadari zai haɗu, irin yana iya lalacewa, a sake shuka. Duk da haka ba a kiran mai binne mayaudari, domin fatansa ya ci masa iri daga rumbu da gumi daga jiki, kuma duk mai shakka yana iya zuwa gona ya ga sawun aiki. Wanda ya kwana bisa tabarma yana cewa bana za a yi albarka, kalmominsa da na mai binne iri ɗaya ne, amma ba ya da abin da zai nuna. Bambancin fata na gaskiya da na baki yana ga abin da mai maganar ya riga ya zuba cikin ƙasa.

Daga nan ana iya fitar da alamomi uku. Ta farko, mai fata na gaskiya yana kiran ciwo da sunansa. Ba ya ɗora kowace faɗuwa ga alƙalin wasa ko rashin sa'a, yakan ce baya ce ke yoyo, ko yara suna gajiya bayan hutun rabin lokaci, ya kuma ware kason laifin da yake nasa. Ta biyu, maganarsa tana sauya wani abu a aikace. A nan ne aka fi sukar Amorim, domin bai ɓoye munin halin ƙungiyarsa ba, amma ya daɗe yana riƙe da tsarin wasa guda na masu tsaron baya uku, ko da sakamako yana ta musanta shi. Amsa laifin da ba gyara a bayansa yakan zama wani salon neman uzuri. Ta uku, fatan yana da wa'adi da alamun hanya. Albasar Galmi tana ƙasa, ba a ganin girmanta sai an tona, amma wanda ya san garka yana duban ganye ya gane abin da ke ƙasa. Haka ƙungiyar da ke farfaɗowa takan nuna alama kafin maki su zo: ƙwallayen da ake zura mata su ragu, matasa su fara samun gurbi, ƴan wasa su daina sakin jiki idan an riga su ci. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mai horarwar da ya ce a jira, bai faɗi abin da za a gani ba, bai kuma faɗi yaushe ba, rance ya karɓa bai sa ranar biya ba.

Wannan ma'auni yana ɗora wa magoyin baya nasa nauyin. Shakka halal ce gare shi, har ma hidima ce ga ƙungiya, domin shugaban da ba a tambayarsa yakan saba da jin muryar kansa. Amma shakkar da take da amfani ita ce mai tambaya tana sauraren amsa. Wadda ta riga ta yanke hukunci, ko an ci ta ce sa'a ce, ko an sha kashi ta ce dama ta faɗa, ita ma ta daina duban fili, kamar dai mai horarwar da take zargi. Idan kuwa ta rikiɗe ta zama fushi, gidanta take fara ci. A watan Afrilu na 2022, a filin wasa na Sani Abacha da ke Kano, wasan Pillars da Katsina United ya watse cikin hargitsi, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta ci tarar Pillars, ta zabtare mata maki, ta mai da wasanninta na gida Abuja, a daidai lokacin da take neman kowane maki ido rufe. Waɗanda suka ɗauki dutse da sunan ƙauna sun taimaka wajen tura ta inda suke gudun ta faɗa.

Malamin makaranta ba baƙo ba ne ga wannan hali, ko da bai taɓa shiga gidan kallo ba. Idan sakamakon jarrabawar BEPC ya fito da rauni, shugaban makaranta yakan tsaya gaban iyayen yara ya ce baɗi za ta fi bana. Shugaban ƙungiyar raya al'adu da mambobinta suke raguwa yakan faɗi irin wannan a babban taro. Wajibi ne su faɗa, domin ajin da malaminsa ya yanke ƙauna ya riga ya faɗi tun kafin ranar jarrabawa. Amma uban da ya sayar da buhun albasa ya sayi littattafai yana da ikon ya ji a wane darasi yara suka fi faɗuwa, me za a sauya daga watan Oktoba, kuma me zai gani a takardar ɗansa a ƙarshen zangon farko. Malamin da ya amsa waɗannan tambayoyi ya cancanci a ba shi shekara, ko da ta zo da ƙarancin ruwa. Wanda ya ji haushin tambayar, ya ce ba a yarda da shi ba, ya manta cewa yarda aba ce da ake sabuntawa da aiki.

Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Duk wanda ya ce wa jama'a su jira gobe ya ɗauki kaya a kansa, su kuma da suka amsa sun ɗauki nasu, na yin haƙuri har wa'adi da yin hukunci da abin da ido ya gani. Mako mai zuwa za a sake cin wata ƙungiya, wani mai horarwa zai sake fitowa ya ce gyara yana tafe, fadojin Ƙonni da Malbaza da Illela kuma za su sake rabuwa biyu. Kafin a zuba shayi na uku, ya kamata a samu wanda zai tambaya: me mutumin nan ya binne, kuma a wace gona?