Shan Magani Rashin Bangaskiya Ne?

Akwai wani ciwon daji da ba a cika ganinsa ba, likitoci suna ce da shi GIST. Yana tsirowa a bangon tumbi ko na hanji, in ya yi nisa ya bazu zuwa hanta. Dā can, in ya bazu, magungunan daji ba su yi masa kome. A 1998 masana a Japan suka gano abin da ya lalace a cikin ƙwayoyin ciwon, wanda yake sa su hayayyafa ba tsayawa. A 2000 aka ba wata mata a Finlan ƙwayar imatinib, wadda take toshe daidai wannan wurin, sai ciwon hantarta ya yi ta janyewa. Amurka ta amince da maganin domin GIST a 2002.

Amma fa maganin danne ciwon yake yi, ba ya tumɓuke shi. Kullum sai an sha.

To, ga ɗan'uwa, ikilisiya ta yi masa addu'a da azumi, hoton asibiti ya nuna ciwon ya kwanta. Ya tsaya gaban jama'a ya ba da shaida, aka yi guɗa. Da ya koma gida ya ga ƙwayar, sai zuciyarsa ta ce masa, in ka gaskata Ubangiji ya warkar da kai, me za ka yi da wannan? Wani lokaci ma ba zuciyarsa ba ce, mu ne masu wa'azi muke faɗa masa haka, abin kunya.

Likitoci a Faransa sun gwada wannan, suka buga sakamakon a 2007. Cikin mutum 32 da aka dakatar musu da maganin bayan shekara guda, ciwon ya tashi a jikin 26. Cikin 26 da suka ci gaba da sha, 8 ne kawai.

Ka buɗe Ishaya sura 38. Sarki Hezekiya ya yi kuka, Allah ya ji, ya ƙara masa shekara 15. Duk da haka annabin da ya kawo alkawarin, shi ne kuma ya sa a shafa curin ɓaure a kan marurun. Ishaya bai ga ɓauren ya rage wa Allah daraja ba. Ni dai a ganina, mai zubar da maganinsa domin ya nuna bangaskiya, gwada Allah yake yi, yana tsara masa yadda zai yi aikinsa.

Ka lura kuma, Hezekiya ya mutu bayan shekarun nan. Imatinib ma yakan daina aiki ga mutane da yawa bayan 'yan shekaru, sai likita ya koma ga sunitinib, wanda aka amince da shi a 2006. Ƙarin kwana ne aka ba ɗan'uwan nan, domin ya ga auren 'yarsa, ya shirya da wanda suka ɓata. In ka je gaishe shi ranar Lahadi, bayan kun yi addu'a, ka tambaye shi ko ya sha ƙwayarsa ta yau, ko kuwa kuɗin motar zuwa asibiti ne ya gagara.