Amana Da Wasiyya A Lokacin Yaƙi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, mu ɗauki wa'azi daga makiyayan Barƙa, a gabashin Libiya. Mutanen karkara ne masu tumaki. Suna sausaye gashin tumakin, wato ulu, su ɗora wa raƙuma tare da man shanu da fatu, ayari ya kai kasuwa, ya komo da shayi da sukari da tufafi. Da yaƙi ya tsananta tsakanin sojan Italiya da mujahidan Shehu Umar Mukhtar, sai aka fara tsare ƙabilu a sansanoni a 1930. A 1931 aka shimfiɗa waya mai ƙaya a kan iyakar Masar, daga bakin teku har Jagbub, kimanin kilomita 270, domin a yanke hanyar fatauci. A watan Satumba na wannan shekara aka rataye Shehun.

To, mu yi tunani a kan madugun da ya tashi da ulun gidaje goma cikin irin wannan hali. In bai komo ba, wa zai san rabon kowa? Wa zai biya marayu? Shari'a ta riga ta tanadi amsa. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Aya ta 106 ta Suratul Ma'ida kuwa ta yi bayanin shaidun wasiyyar wanda ajali ya riska a kan tafiya. Buhari ya ruwaito cewa ranar Yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan Hijira, Zubairu ɗan Awwamu ya kira ɗansa Abdullahi ya yi masa wasiyyar biyan bashinsa, domin shi ne abin da ya fi damunsa a wannan rana.

Saboda haka, duk wanda ya karɓi kayan mutane, ya rubuta nauyinsu da sunan mai su, ya bar takarda a gida. Kada ya jiƙa ulu ko ya zuba masa rairayi don ya ƙara nauyi. Tsananin zamani ba ya halatta algus. Mu sani ajiya da bashi ana fitar da su kafin wasiyya da gado. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga magaji sai da yardar sauran magada.

Wannan hukunci ya hau kan kowannenmu, mai shago a Maraɗi ko mai kai dabbobi kasuwa daga Tawa. Kada mu kwana biyu da haƙƙin wani a wuyanmu ba a rubuce ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya sa mu cika da imani. Amin.