Kukan Nana A'isha a Sarif

A azumin da ya wuce, wata ɗalibata a ajin matan aure ta tsayar da ni bayan an tashi, idonta cike da hawaye. Al'ada ta zo mata a daren ashirin da ɗaya, wai shi ke nan goman ƙarshe ta wuce ta. Na ce, to me kike yi da dare tun da abin ya zo? Ta ce barci, sai girkin sahur. Wallahi amsar nan ta fi hawayen damuna.

'Yar uwa, ba a kanki aka fara wannan kuka ba. A shekara ta 10 bayan hijira, kan hanyar Hajjin Bankwana, Nana A'isha (RA) ta ga jini a Sarif, dab da Makka. Manzon Allah (SAW) ya shigo ya tarar tana kuka. Bai yi mata faɗa ba, bai ƙyamace ta ba. Ya rarrashe ta da cewa abu ne da Allah ya rubuta wa 'ya'yan Adam mata, ya kuma umarce ta ta yi duk abin da alhaji ke yi, ɗawafi kaɗai za ta jinkirta sai ta sami tsarki. Da aka kammala hajji ta nuna ranta na kan umara, sai ya sa ɗan'uwanta Abdurrahman ya kai ta Tan'im ta ɗauro harami. Hajiyoyinmu sun san wurin, masallacin da ke can da sunanta ake kiransa.

To ina muka samo cewa mai fashin salla sai ta naɗe carbi tare da dadduma? Salla aka ɗauke miki ba ramuwa, azumi kuwa ki rama daga baya. Istigfari, salati, addu'a da sadaka duk naki ne. A mazhabarmu ta Malikiyya ma an yarje miki karanta Alƙur'ani da ka. Annabi da kansa yakan jingina da jikin A'isha tana haila yana karatu, yakan kuma sa bakinsa inda ta sa nata a ƙoƙon sha. Maigidan da ke ƙin cin girkin matarsa a kwanakin nan, don Allah a karanta masa wannan.

Ita dai ɗalibar tawa na ce mata, in maigida ya fita tahajjud kada ta koma kwanciya. Ta wanke fuska, ta zauna bakin gado da carbinta, ta roƙi yafiyar Allah, ta ambaci 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya har lokacin ɗora tukunya ya yi.