Muryar da Aka Turo Maka, Amana Ce ko Kyauta?

A zamanin Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura ya yi suna da Maradun, ba a haɗa waƙa sai an zauna wuri ɗaya. Jagora ya kawo ɗa, 'yan amshi su karɓa, masu kotso su gwada, a gyara, a sake gwadawa. Shi kansa a ƙungiyar mahaifinsa ya fara, ya bi yayansa Kurna, kafin ya ja tasa har rasuwarsa a 1991. Idan basarake ya yi kyauta, kowa ya ga abin da aka bayar, don haka tauye rabo yana da wuya. Hausawa sun ce kunya a ido take.

Yau kiɗa ya sauya. Matashi a Talata Mafara zai rufe ɗakinsa, ya rera waƙa a wayarsa, ya tura wa mai haɗa kiɗa a Kano ta WhatsApp. Can a ɗora kiɗan da kwamfuta, a tura wa wata a Gusau ta sa amshi, a dawo da ita a tace. Mutum uku sun yi waƙa ɗaya ba su taɓa gaisawa ido da ido ba. A jihar da matsalar 'yan bindiga ta sa mutum ke tunani kafin ya hau hanya, wannan rahama ce. An ga darajarta a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, duk mai hulɗa da nesa ya zauna jugum na makonni.

To, idan kunya a ido take, me zai tsare haƙƙin wanda ba ka ganin idonsa?

Matsalar ta fara ne daga yanayin abin da ake turawa. Wanda ya ari kotsonka ya hana ka amfani da shi, kowa ya san sai ya maido. Amma wanda ka tura wa muryarka bai rage maka komai ba, taka tana nan a wayarka. Waƙar minti biyar a MP3 ba ta wuce 'yan megabait ba, cikin ƙiftawar ido Xender ya kai ta wayar aboki, daga nan ta isa shagon masu tura waƙoƙi. Shi ya sa mai yin haka ba ya jin ya ɗauki komai.

Alhali ya ɗauka. Abin da ya raba mawaƙin da shi shi ne ikon cewa waƙata ta nuna, ko ba ta nuna ba. Ɗanyar murya tana ɗauke da tuntuɓen harshe, da baitin da mai shi ke niyyar cirewa, wataƙila habaici ne da ya yi cikin fushi, ko sunan wani da bai kamata a ji ba. Idan mai amshin mace ce, watakila ba ta gama shawara da gidansu ba kan ko za ta bari a ji ta a duniya. Wanda ya saki irin wannan ya yanke wa wani hukuncin da ba nasa ba.

Wani zai ce ai waƙa don a ji ta aka yi ta, kuma da ba don rediyo da kwafar kaset ba, da waƙoƙin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo ba su iso mu ba. Gaskiya ne. Sai dai waɗancan waƙoƙi ne da masu su suka rera a bainar jama'a, sun riga sun sake su. Abincin da aka fito da shi zaure daban, cusa hannu a tukunyar da ke kan wuta daban.

Kada kuma mu wanke zamanin da tas. Mu nawa ne za mu iya lissafa sunayen 'yan amshin manyan mawaƙan nan? Murya tasu, suna na jagora. A nan zamaninmu ya fi sauƙin yin adalci, domin rubuta sunan mai kiɗa da mai amshi a jikin waƙa ba ya cin ko sisi. Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma yaron da ke Bakura ba zai ɗauki lauya kan waƙa ɗaya ba. Abin da zai tsare shi halin abokin aikinsa ne.

Saboda haka muryar da aka turo maka don aiki ajiya ce har sai mai ita ya ce a sake ta. Ka nemi izini kafin ka tura wa wani, ko da amininka ne. Ku yi maganar suna da rabo tun kafin waƙar ta karɓu, ku bar ta a rubuce, domin bayan kuɗi sun shigo kowa da yadda zai tuna. Wanda ya turo maka muryarsa daga Maradun ba ya da shaida, ba ya da mai tsaya masa. Ya yarda da kai ne kawai, kuma wannan yarda ita ta sa haƙƙinsa ya fi nauyi a wuyanka.