Halacci Ga Malamin Da Ciwo Ya Kwantar

Hubbare ba ya rabo da baƙi. Daga Kano, daga Maraɗi, daga Ilori mutane ke zuwa Sakkwato, su tuɓe takalmi su yi wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo addu'a, fiye da shekara 200 bayan rasuwarsa a 1817. Tun kafin jihadi, Shehu malami ne mai karantarwa a Degel. Ƙanensa Abdullahin Gwandu kuwa littafi sukutum ya rubuta don ya ambaci malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Abin kunya ne a gari mai wannan gado a ce malami yana kwance, iyalinsa na kwana ba a ɗora tukunya ba.

Kuma hakan na faruwa. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne, amma malaman Islamiyya da na ƙananan makarantun kuɗi da yawa ba su san wannan adadi ba, kuma ranar da malami ya daina shiga aji, a wasu wuraren ranar albashinsa ke tsayawa. A ce ciwon ƙoda ne, likita ya rubuta wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Babur ake fara sayarwa, sai tumakin gida, sai kayan ɗakin uwargida. Malam kuwa ba zai buɗe baki ya roƙa ba. In ka je dubiya, "da sauƙi, alhamdu lillahi" kawai za ka ji.

A nan ake gane makarantar da ke da halacci. Hedimasta ya buɗe littafi a ofis, kowane malami ya rubuta abin da zai iya cirewa a ƙarshen wata. Iyayen yara su zauna su yanka wa kansu. Yarinya 'yar aji huɗu ta kwance bakin hijabinta ta miƙa kuɗin tararta. Tsohon ɗalibin da ke da shago a kasuwa ya aika da kwanon gero da man girki. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu: kuɗin Laraba da noman gonar malam duk tushensu ɗaya, cewa wanda ya ba da lokacinsa ga 'ya'yan jama'a, gidansa na wuyan jama'a. Ni a ganina biyan bashi ne, kuma mai biyan bashi ba ya gori.

Satin farko kowa na zuwa, ɗakin jinya har ya rasa wurin zama. Wata na uku ne ke da wuya, lokacin da labari ya tsufa, mai gidan haya ya fara aiko yaro, an koro 'ya'yan malam saboda kuɗin jarrabawa. Gudummawar wata-wata, ko kaɗan ce, ta fi tarin rana ɗaya amfani. A ɗora amanar a hannun mutum biyu ko uku, su riƙa karanta lissafi a gaban kowa. Su kuma za su kai takardun asibiti Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, don majinyaci ba shi da ƙafar bin ofisoshi.

Sai rufin asiri. Ɗaukar hoton malam a gadon asibiti a watsa a WhatsApp cin fuska ne, ko da niyyar ta yi kyau. A kai saƙon da dare, a yi sallama da uwargida, a ce, "Malama, ga wannan a yi cefane," a juya.

Kai da ka iya karanta wannan rubutu, akwai wanda ya riƙe hannunka ka rubuta baƙin farko. Nemi labarinsa a wannan makon, in yana kwance ka je gidansa da abin da Allah ya hore maka.