Bakin Da Ke Ambaton Allah: Hakkin Dattawa A Kan 'Yan Zawiya



Imamu Buhari ya ruwaito cewa a jinyar ƙarshe ta Manzon Allah (SAW), shekara ta 11 bayan Hijira, Abdurrahman ɗan Sayyidina Abubakar ya shigo ɗakin Nana A'isha (RA) riƙe da ɗanyen asawaki. Manzon Allah ya bi asawakin da kallo. Nana A'isha ta gane yana so, ta karɓa ta tauna, ta tausasa shi, ta miƙa masa, ya goge bakinsa mai albarka. Wannan na cikin ayyukansa na ƙarshe a duniya. Darasin biyu ne: rauni ba ya ɗauke sunnar asawaki, kuma mai rauni yana bukatar wanda zai tausasa masa.

Baki shi ne ƙofar zikiri. Muridi yana furta istigfari 100, salatin Annabi 100 da hailala 100 a lazimin safe, ya maimaita da yamma, ga wazifa, ga zikirin Juma'a, ga tilawa. Dattijon da ya shekara 40 a kan wannan wuridi, bakinsa ya cancanci kulawa kamar yadda ake share masallaci.

Amma a zawiyoyin Maijirgi da ƙauyukan ƙasar Tasawa da Mayahi, kamar sauran wurare, ana samun dattijon da muryarsa ta yi ƙasa a da'ira, ko ya koma gefe yana rufe baki da rawani. Sai a ce tsufa ne. Sau da yawa kuwa haƙori ne ke girgiɗi, ko dasashi ke zubar da jini, ko kunyar warin baki. Daga nan tauna ta gagara, ya bar tuwo da nama ya koma fura da kunu kaɗai, jiki ya rame. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma kimanin kashi 23 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama ba su da haƙori ko ɗaya.

Shekaru kaɗai ba sa zubar da haƙori. Dattin da ke taruwa a gindinsa shi ke kumbura dasashi, ya ci ƙashin da ke riƙe da shi a hankali. Shayi mai yawan sukari yana kawo ruɓewa. Taba, ta sha ko ta cusawa a leɓe, tana lalata dasashi, tana kuma jawo sankarar baki. Ciwon sukari yana tsananta ciwon dasashi, wasu magungunan hawan jini kuma suna busar da miyau, alhali miyau ne ke wanke baki.

To, ina hidimar da ta hau kan 'ya'ya da almajirai? Su yanko wa dattijo sabon asawaki, su daddaƙa bakinsa ya yi laushi, su riƙa yanke tsohon kan. Idan akwai hali, a saya masa burushi mai taushi da man goge baki mai sinadarin fulorayid, safe da kuma kafin barci. Wanda hannunsa ke rawa a riƙe masa. Wanda ba shi da haƙori a goge masa dasashi da harshe da tsabtataccen ƙyalle. Malaman Malikiyya ma sun yarda a goge da yatsa, kamar yadda ya zo a Risalar Ibnu Abi Zaid. Bayan goro ko shayi a kurkure baki. Azumi ma bai hana busasshen asawaki ba.

Kada a zuba wa kogon haƙori fetur ko ruwan batir, kada a bari mai cire haƙori na kasuwa ya taɓa shi da ƙarfen da ba a dafa ba. Idan fuska ta kumbura, ko gyambo ya wuce mako 2 a baki bai warke ba, a kai dattijo gidan likita. In an tura shi Tasawa ko Maraɗi, 'yan zawiya su haɗa masa kuɗin mota. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Ya kamata muƙaddami ya yi wannan tunatarwa bayan wazifa, cikin ladabi, ba tare da nuna kowa ba. Wanda ya lura da wani abu ga dattijo, ya same shi a keɓe, ya ba shi asawaki a matsayin kyauta. Muridai suna rige-rigen ɗaukar takalmin shehi da butarsa don neman albarka. Tausasa wa mahaifi ko tsohon malami asawaki hidima ce da Uwar Muminai ta riga kowa yi.

Allah Ya ƙara wa dattawa lafiya, Ya bar harsunansu ɗanye da ambatonSa, Ya sa kalmar shahada ce ƙarshen furucinsu, albarkar Annabi (SAW). Amin.